Kyaftin na Littafi da Kofur na Gida

Wayar tana jingine da butar alwala, muryar mai karatu na fita daga cikinta a hankali, ita kuma ƙanwata tana zaune a tabarma tana ƙulla soyayyar gyaɗa a leda. Bayan isha'i ne, a wani gida cikin garin Kazaure. Babu wuta, sai fitilar caji da aka rataye a igiyar shanya. Na yi sallama, ta amsa, ta turo mini kujera 'yar tsugunne, amma ba ta tsayar da karatun ba. A daidai lokacin ne jarumin littafin, wani Kyaftin ɗan shekara ashirin da bakwai, ya diro daga jirgi mai saukar ungulu a harabar gidan su yarinyar. Ya baro bakin daga ne saboda an gaya masa tana zazzaɓi.

Ƙanwata ta ja tsaki mai tsawo.

"Yaya, ka ji fa. Zazzaɓi. Ni da na haifi yaron nan, sai da aka yi suna da kwana goma sha ɗaya kafin ubansa ya sa shi a ido."

Na ce to me ya hana ta kashe? Ta ɗago ta dube ni kamar na yi saɓo. "In kashe? Ai yanzu ne za a yi ta. Uwarsa ba ta san ya zo ba."

'Yar baffana ce. Mijinta kofur ne, shekararsu takwas da aure, kuma in aka tattara kwanakin da suka yi ƙarƙashin rufi ɗaya, ita da bakinta ta ce da wuya su cika shekara biyu. Sun ɗan zauna a bariki a farkon auren, daga baya aka tura shi arewa maso gabas, ita kuma ta dawo gidan surukanta da 'ya'ya. Tun daga lokacin littattafan soyayya na waya suka zama abokan hirarta, musamman waɗanda jaruminsu soja ne. Ta karanta da yawa, ta saurari da yawa, kuma babu wanda ba ta yi wa tsaki ba. Wannan ne ya sa na zauna na nemi jin ra'ayinta filla-filla, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Littafin da take ciki ba sai na kama sunansa ba. Duk wanda ya karanta ɗaya daga cikin irinsa zai gane shi. Jarumin ɗan gidan masu hali ne, ubansa tsohon Janar, uwarsa Hajiya mai zafin kishin ɗanta. Dogo ne, fari, ba ya dariya, ba ya son hayaniya, ba ya kula mata. Yarinyar marainiya ce daga ƙauye, an kawo ta aikatau gidansu. Ranar farko ta zuba masa shayi a kaki bisa kuskure, ya sa ta tsallen kwaɗo har ta suma. Kakarsa ta ƙulla musu aure ba da son ransa ba. Ya yi wata shida bai kalle ta ba. Sai aka sace ta, ya shiga daji shi kaɗai ya ƙwato ta, daga nan kuma ya zama ba ya iya cin abinci sai ta ba shi a baki. Ana sakin labarin feji-feji a WhatsApp, na farko kyauta, in an kai inda rai ya rataya sai a ce a tura kuɗi. Wasu kuma su karanta shi da murya su ɗora a YouTube, inda ƙanwata ta fi samun sa, tunda hannunta ba ya rabuwa da aiki.

Jarumin soyayyar Hausa bai fara da kaki ba. A So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ya fito a 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, abin da masoya ke kokawa da shi dangi ne da bambancin asali ko na arziki. A littafin Gidan Dabino ma yarinyar ce 'yar masu kuɗi, saurayin talaka. Balaraba Ramat Yakubu, wadda ƙanwa ce ga Janar Murtala Muhammad, in da akwai marubuciyar da ta san gidan soja daga ciki ai ita ce, amma abin da ya dame ta daban: auren dole, hana 'ya mace karatu, da Alhajin kasuwa da ke wulaƙanta uwargida, kamar yadda ta nuna a Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne. Wannan ne zamanin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa littattafan suna adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuma ya tsaya musu, aka yi ta fafatawa a jaridu. Har ƙona wasu aka yi a Kano a 2007, lokacin shirin A Daidaita Sahu. Ba su mutu ba. Takarda ta yi tsada, sai suka koma cikin waya, inda babu mai iya cinna musu ashana.

Shi kuwa soja ya daɗe a adabinmu, sai dai a waƙa yake, ba a ɗakin amarya ba. Sa'adu Zungur ya yi wa waɗanda suka dawo daga Yaƙin Duniya na Biyu waƙar Maraba da Soja. Amma a gidajen iyayenmu, in saurayi ya ce zai shiga soja, kuka uwarsa take yi, kuma ba kowane uba ke ba ɗan bariki 'yarsa ba. A ganina abubuwa biyu ne suka haɗu suka sauya wannan. Daga 2009, da rikicin Boko Haram ya ɓarke, musamman bayan harin Kano na 20 ga Janairun 2012, soja ya fito daga bariki ya tsaya a kan titi. Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Ɗambatta zuwa Kazaure a shekarun nan ya san buhunan yashi da ganguna, ya san yadda direba ke rage murya in an doso shinge. Yarinyar da ta taso a lokacin ta ga mutumin da in ya ɗaga hannu kowa ke tsayawa, Alhaji da almajiri. A daidai wannan lokacin ne kuma babbar waya ta shiga hannun matan aure da 'yan mata. Sai ga fina-finan waje sun ƙara gishiri: Veer-Zaara na Indiya, na 2004, inda Shah Rukh Khan ya fito a matsayin hafsan sojan sama, da wasan Koriya ta Kudu na 2016, Descendants of the Sun, soyayyar Kyaftin da likita. A Amurka ma irin wannan littafi kasuwa ce mai zaman kanta. Da aka zo kan wayoyin Hausawa sai aka samu irin su Abban Sojoji, da tarin wasu masu ɗauke da Kyaftin ko Manjo ko Janar a sunansu.

Abu na farko da na zata zai dami ƙanwata shi ne ƙaryar muƙami, domin ni shi ya fara tsaya mini a rai. Sai na ga ita abin dariya ta ɗauke shi. Wanda ya ɗauke shi da zafi wani dattijo ne a ƙasar Gwiwa, abokin marigayi mahaifina, wanda ya yi ritaya yana samanja. Na same shi a gindin dalbejiya yana gyaran igiyar tunkiya, na ba shi labarin wani littafi da jaruminsa ya zama Birgediya Janar yana ɗan shekara talatin.

"Ɗana, a wace ƙasa?" in ji shi. "Ko Murtala da ya hau mulki yana da talatin da shida, ai yaƙin basasa da juyin mulki ne suka buɗe musu hanya. Yanzu layi ake bi."

Layin kuwa sananne ne. Ƙofa biyu ce babba. Mai son zama hafsa ya nemi makarantar horar da hafsoshi ta NDA da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1964, ya yi shekara biyar, ya fito da ƙaramin laftana, tauraro ɗaya a kafaɗa. Daga nan laftana, kyaftin, manjo, laftanar kanar, kanar, kowane da shekarunsa da jarrabawarsa da kwas ɗinsa. Akwai kuma masu digiri da ake ɗauka ta gajeren horo. Ɗaya ƙofar ita ce Daffo ta Zariya, wadda ke horar da kurata tun 1924. Nan ake shiga da takardar sakandare, tsakanin shekara 18 zuwa 22 ga wanda ba shi da wata sana'a, kuma dole ya kasance bai yi aure ba. Wata shida ko kusa da haka ana gasa shi, ya fito farabiti, sannan ya fara hawan las kofur, kofur, saje. Samarin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da ke cika fom duk shekara, akasarinsu ta wannan ƙofa ta biyu suke nema. 'Ya'yan manoma ne da malaman firamare da masu shago. Ba su da uba Janar.

Wannan shi ne abin da samanjan ya ƙi yafe wa marubutan. Ya ce bai taɓa jin an ce ga littafin da jaruminsa kofur ne ba. "Mu da muke kwana a rami, mu ne direba da mai gadi a littafin nasu. Oga ya yi tsawa mu ƙame." Ya yi dariya, amma ba ta kai ciki ba.

Gaskiyarsa. In ka cire wa Kyaftin na littafi kakinsa, abin da zai rage shi ne ɗan Alhajin nan da muka saba da shi tun a littattafan da ake haya a shagunan unguwa: gidan bene, jerin motoci, hutu a Dubai. Kakin ado ne aka ƙara masa, da izinin yin tsawa.

A kan tsawar nan ne muka yi doguwar magana da ƙanwata, kuma a nan ne na ga ranta ya ɓaci da gaske. Ta ajiye ledar gyaɗar.

"Yaya, abin da ba na so ke nan. Ya mare ta, ya kulle ta a ɗaki, ya sa ta tsallen kwaɗo, wai duk so ne bai gane ba. Yara suna karantawa. Ran nan wata 'yar maƙwabtanmu take ce mini ita fa sai soja, wai tana son namiji mai zafi. Na ce ke, zafin nan in ya zo ba da waƙar Indiya yake zuwa ba."

Ta ce a barikin da suka zauna ta ga iri-iri. Akwai wanda in ya dawo daga daji sai ya yi mako ba ya son magana, ƙarar murfin tukunya ta sa ya zabura, dare ya raba yana zaune a bakin ƙofa. Matan da suka daɗe sun san wannan, su ne ke jan amarya gefe su ce ta bi shi a sannu, in abin ya yi yawa a kai wa magajiyar bariki. Nata mijin, in ji ta, mutum ne mai sanyi, har tsokanarsa take yi cewa ba ta san yadda yake riƙe bindiga ba. In ya zo hutu shi ke yi wa yara wanka, ya ɗauki fartanya ya bi mahaifinsa gona. Abin da ya sauya a tare da shi guda ne: ba ya zama ya ba ƙofa baya. To ita a wajenta, marubuciyar da ta mayar da zafin rai kwalliyar jarumi ta taɓa wani ciwo ne ba tare da ta san ciwo ba ne.

Ba kowa ya yarda da ita ba. Akwai wata 'yar ƙanwar matata, 'yar Roni, da ke karatu a Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a nan Kazaure. Ita ce ma ta fara tura wa ƙanwata littafin. Da na kai mata ƙorafin sai ta ce mun cika ɗaukar abu da zafi.

"Kawu, wa ya ce maka mun ɗauka gaskiya ne? Mun san ƙarya ce. Amma ka duba yarinyar. Ba ta da uwa, ba ta da uba, matar kawunta na azabtar da ita, Hajiya na zaginta, 'yan matan gidan na dukanta. Wa zai tsaya mata? Malamin makaranta? Sai wanda kowa ke tsoro."

Na daɗe ina juya wannan magana, domin ina ganin ta fi duk wani sharhi da na taɓa karantawa kusa da gaskiyar lamarin. Littafin ba labarin yaƙi ba ne. Da wuya ka ji sunan gari ɗaya na gaske da aka yi artabu a ciki, sai dai a ce "daji" ko "boda". Yaƙin da ake yi a cikin gida yake, tsakanin yarinya marar gata da uwar miji da dangin miji da wadda ta so ta aure shi ba ta samu ba. A irin wannan fagen, miji na yau da kullum ba ya iya komai, domin uwarsa ce, dangi ne, sai ya sunkuyar da kai ya ce a yi haƙuri. Marubuciya na neman namijin da in ya ce "kada wanda ya sake taɓa ta" magana ta ƙare. A Najeriyar yau wa ke da wannan murya in ba mai kaki ba? Shi ya sa ake fara nuna zafinsa a kanta: ana gwada wa mai karatu kaifin wuƙar ne kafin a juya ta ga maƙiya. Na fahimci dabarar. Amma fahimta ba yarda ba ce, kuma a nan ina bayan ƙanwata. Yarinyar da ta koyi cewa mari ƙofar so ne, ranar da aka mare ta za ta tsaya jiran babi na gaba.

Sai dai duk wannan ba shi ne babban ƙorafinta ba. Babban ya fito ne can wajen ƙarfe goma, bayan yara sun yi barci, surukarta ta leƙo ta ce mana sai da safe.

"Ba su san jira ba," in ji ta. "Shi ke nan abin da ban samu a ko ɗaya ba."

A littafi, in Kyaftin ya tafi aiki, layi biyu ne: bayan wata uku ya dawo. Ita kuwa a cikin layi biyun nan take rayuwa. Ta kwatanta mini yadda abin yake. Inda mijinta yake ba kullum ake samun sabis ba, sai ya hau wani tudu ko ya jira an shigo gari. Wani lokaci kira kullum, wani lokaci kwana tara shiru. Wayarta ba ta mutuwa. In babu wuta ta aika yaro shagon caji da naira ɗari, kuma ta gargaɗe shi kada ya tsaya wasa. Ba ta sa ta a yanayin shiru ko a gidan biki. In baƙuwar lamba ta kira, sai ta yi bismilla kafin ta ɗauka. In aka ce a rediyo an kai hari wani sansani a Borno ko Yobe, ba a faɗin sunaye, sai ita da sauran matan da suka san juna tun bariki su shiga kiran juna: ke kin ji daga naki? Surukarta kuma ba ta tambaya da baki, sai dai ta zo ta tsaya a ƙofar ɗaki tana gyara mayafi, har sai an ce mata ya kira.

Akwai ranakun da matan soja ba sa mantawa ko da ba nasu ne ya faɗi ba. Ta ambaci ranar da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori, a Nuwamban 2016. Lokacin tana amarya. Ta ambaci harin Metele, Nuwamban 2018. Ta ce ran da jirgi ya faɗi da Janar Ibrahim Attahiru a Kaduna, 21 ga Mayun 2021, abin da ya zo mata shi ne, in shugaban sojan ƙasa gaba ɗaya zai fita da safe bai dawo ba, ina ga kofur. Sunan aikin ma ya sauya a kan idonta, daga Lafiya Dole zuwa Haɗin Kai, mijinta yana can. Ni kuma na tuna mata da matan sojan da suka tare ƙofar bariki a Maiduguri a Agustan 2014, suka ce ba za a kwashi mazajensu zuwa Gwoza ba sai da isassun makamai. Na ce ga labari, ga jarumai mata, ga soyayya da ta fi ta jirgi mai saukar ungulu. Ta ce, "Wa zai biya ɗari biyar ya karanta wannan?"

Ta kuma kawo wata magana da ban taɓa tunaninta ba. A littafi, in an ce jarumi ya mutu, kowa ya san ƙarya ce. Zai bayyana ranar da za a ɗaura mata aure da wani. A zahiri kuwa akwai wadda aka kawo mata labari ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma, ta san matsayinta. Akwai kuma wadda aka ce mata ba a gan shi ba. Ba gawa, ba kira. Ita ba mai takaba ba, ita ba mai miji ba. Malaman Malikiyya sun yi bayanin matar wanda ya ɓace, har da jiran shekara huɗu bayan an kai magana gaban alƙali, sun kuma ware hukuncin wanda ya ɓace a fagen fama. Wato fiƙihu ya san da wannan mata tun ƙarnoni. Littafin soyayyar soja ne bai san da ita ba.

Ba na son in ɗora wa marubutan laifin da ba nasu ba. Yawancinsu mata ne matasa da ke rubutu da babban yatsa a waya, tsakanin girki da raino, kuma kuɗin da masu karatu ke turowa shi ne cefanen wasu. Kasuwa ke faɗa musu abin da za su rubuta, a kullum, domin masu karatu na tare da su a zaure ɗaya suna kukan a ƙara feji, a hukunta Hajiya, kada a kashe Kyaftin. Marubucin da ke buga littafi a takarda yana gamawa kafin a gani. Ita wannan ana tsaye a kanta take dahuwa. Kuma alƙalamin matan Hausa ya nuna yana iya ɗaukar abu mai nauyi in an ba shi fili: gasar Hikayata ta BBC Hausa, tun daga 2016, ta fito da gajerun labarai a kan gudun hijira da fyaɗe da talauci waɗanda ba su da jerin motoci ko ɗaya. Abin da ya rage shi ne wata ta zauna da irin su ƙanwata ta saurara, kafin ta ɗora wa jaruminta tauraro uku.

A Babura na ga ɗaya gefen kasuwar. Garin na dab da iyakar Nijar, kuma nan ne mahaifar Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya yi gwamnan Jigawa daga 2015 zuwa 2023, aka kuma naɗa shi ministan tsaro a Agustan 2023. Na tsaya wajen wani matashi mai shagon caji da tura waƙoƙi a memori. Ya ce matan aure ba sa zuwa da kansu, yara suke aikowa da waya da saƙo: a sa mata littafi, mai daɗi, na soja in akwai. Waɗanda ba su yi boko ba su ne suka fi nema, tunda sauraro ne ba karatu ba, kuma ba ya cin data. Ina tsaye sai ga wani saurayi ya shigo da takardunsa a cikin leda, yana tambayar ko an buɗe shafin cika fom na shiga soja. Mai shagon ya ce ya dawo wani mako. Tebur ɗaya, kwamfuta ɗaya: ta nan Kyaftin na littafi ke shiga wayoyin mata, ta nan kuma ƙannensu ke neman hanyar Zariya. Na tambayi saurayin ko yana karanta irin littattafan. Ya yi murmushi ya ce budurwarsa ce ke karantawa, kuma ita ta ce ya nema.

Da na koma Kazaure bayan kwana biyu, na tarar ƙanwata ta kai ƙarshen kashi na ɗaya. An harbi Kyaftin a ƙirji, yana kwance a wani asibiti a ƙasar waje, yarinyar na da ciki wata bakwai, Hajiya ta kore ta. Ci gaba sai an biya.

Na ce to ai ga dama ta samu, sai ta huta da tsaki.

Ta yi shiru tana kwance bakin zaninta inda take ƙulle cinikin gyaɗa. Ta ƙirga ɗari biyar, ta miƙa wa babban ɗanta tare da wayar, ta ce ya kai wa mai POS ya tura, ga lambar a takarda.

"Yaya, na san zai tashi," in ji ta. "Su kullum suna tashi. Bari dai in ji da kunnena."

Yaron ya kai bakin zaure ta kira shi ya dawo. Ta karɓi wayar daga hannunsa, ta duba ko caji ya isa, ta ce ya tafi da takardar kawai, wayar ta zauna. Yau kwana shida ke nan mijinta bai kira ba.